Farar Leda a Kan Gawo

Bana ruwa ya sauka da wuri a wajenmu, gero ya fara fitar da kai tun ba a gama maimai ba. Jiya ina fake a bukkar gona ina jiran ruwa ya tsagaita, sai na shiga kantin manhajoji na waya, na danna wani sabon labari. Kafin in gama ɗaure bakin buhun taki ya sauka tsaf. Na tsaya ina kallon wayar raina a ɓace, alhali ba ta yi mini laifin komai ba. Wannan sauƙin shi muka rasa a daminar da aka rufe layukan waya, kuma a kansa aka kusa yanka mutum a gabana.

Bari in fara da bayanin abin, don na san wasu za su ce wasan yara ne. Labari ne da ake karantawa a waya, amma da zanen mutane irin na katun, da ɗan kiɗa a hankali, rubutu yana fitowa a ƙasa layi bayan layi. Kana cikin karatu sai ya tsaya ya ba ka zaɓi: ka buɗe ƙofa ko ka yi shiru, ka faɗi gaskiya ko ka ɓoye. Abin da ka zaɓa shi labarin zai bi. Ba gudu, ba harbi, ba tsalle. Mu littafin waya muke ce masa, kuma duk ƙauyenmu, can gabas da Gandi, mu biyu ne kawai muka kamu da ciwonsa.

Na biyun, wanda ma shi ya shafa mini, shi ne Malam Habila, mutumin Zuru, Kirista, da aka turo koyarwa makarantar firamarenmu. Iyalinsa suna can gida, shi kuwa Innarmu ta ba shi ɗakin da ke jikin zaure, tuwonmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya. Ni Lawali na gama sakandare a Rabah da Turancin da bai wuce gaisuwa ba. A zauren nan, bayan la'asar, Malam ya zaunar da ni da waya a tsakaninmu, yana karantawa ina tambaya, har na kai ina karantawa yana gyara. In an zo wurin zaɓi kuwa sai gardama ta tashi. Shi mutum ne mai son a bi a hankali, ni kuma ina son a faɗa wa mutum magana a fuskarsa, sau da yawa ni nake jefa mu cikin mummunan ƙarshe.

Ba kowanne nake so ba. Akwai waɗanda 'yan mata masu manyan idanu ke ta tsiwa da ihu a kan yaro ɗaya malalaci, waɗannan ko kyauta ba na so. Akwai masu cika maka ido da zane, in ka duba ciki ba labari. Ni na fi son mai tafiya sannu, wanda za a daɗe ana shan shayi ana kallon ruwan sama kafin wani ya furta abin da ke ransa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kantin. Ka ga labari ana yabonsa, ka danna, a ce ba a samunsa a ƙasarku. Wani yana nan amma sai a kwamfuta. Wani kashin farko kyauta, in ka zo sayen sauran katinka ba ya shiga. Wani kuma yau yana nan, gobe an ɗauke shi ba sallama. Na sha cewa masu kantin nan ba su san akwai mutane a wannan gefen duniya ba.

Wanda ya kama mu a shekarar, labarin wata mai kwale-kwale ne a wani tsibiri da dusar ƙanƙara ke zuba. Wanta ya shiga teku bai dawo ba, kai kuma baƙo ne da ka zo gyaran fitilar jirage, ka san wani abu game da ɓatansa. Kashi-kashi ake sakinsa. Tun shuka muke binsa, muka yi noman farko da shi, muka yi maimai da shi. Da kashin ƙarshe ya fito, kantin ya ce ba na ƙasarmu ba ne. Malam ya yi ta fama, har wani abokinsa ya nuna masa yadda ake sauya ƙasa a kantin. Abin ya yarda ya fara sauka, ga shi da nauyi, ga sabis ɗinmu mai jan ƙafa. Ya kai wajen rabi aka wayi gari babu layi ko ɗaya, an ce an rufe ne don a toshe wa ɓarayin daji hanyar magana.

Ba waya kaɗai aka rufe ba. An hana cin kasuwa, an hana sayar da mai a jarka, mashin ya zama abin tsoro. Kuma abin ya faɗo a daidai lokacin da rumbu ke amsa kuwwa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Marka ta yi ta zuba, katangu suna jiƙewa suna zubewa, itacen girki ya ƙi kamawa sai hayaƙi mai sa hawaye. Inna takan fita da sassafe ta yago tafasa a bayan gari, ta dafa, ta kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙulin da take ɓoyo a cikin tulu. Mu ci wannan da rana. Da yamma a dama kunu tsararo, wanda in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka. Gishiri ma aro ake yi tsakanin gidaje. A lokacin na tsani wuraren da ake zana abinci a littafin waya, kifi yana tururi, shinkafa fara tas, ni ina zaune cikina yana ƙugi.

Inna takan leƙo zaure ta same mu kai a haɗe muna maimaita tsofaffin kashi. "Lawali, mi kuka kallo cikin abin ga tun ɗazu? Ɗiyan mutane na can na neman abin kaiwa baki."

Malam ya ce, "Inna, karatu muke yi."

"Karatun da ba shi cika ciki. Taso ka ci, Malam, kwaɗon ya huce."

Gonakin nesa duk an bar su ga ciyawa. Wanda ya je sai dai a ɗauko shi, ko a kawo saƙon abin da za a biya kafin a sako shi. Mun koma noman na kusa, a gungu, wasu na duƙe wani na tsaye yana duban daji. Ko tsuntsu ya tashi fir daga cikin gero sai ka ga kowa ya saki kalmen noma.

A nan ne 'yan sa-kai suka karɓi gari, wana Umaru ne shugabansu. Yaya Umaru bai yi boko ba, ba shi da yawan magana, kuma tun rasuwar Baba shi ne uba a gidanmu. Ranar da suka kafu sun taru a ƙofar masallaci, kowa ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa duk wanda aka kama yana kai wa ɓarayi labari ba za a bar shi da rai ba, ko ɗan uwan mutum ne ciki ɗaya. Infoma, sunan da ake kira ke nan, kuma sunan ya fi bindiga saurin kisa. Na ga abin da aka yi wa wani mai tallar burodi da aka samu da waya biyu a aljihu. Ba wanda ya tsaya jin ta bakinsa. Da gora aka fara, aka gama da adda, aka bar shi a bakin kwalbati ƙudaje na binsa, burodin a warwatse cikin taɓo, ba wanda ya ɗauka duk da yunwar da ake ciki. 

Bayan wannan aka kafa doka: kada a ga kowa da waya a wajen gari. Dokar tana da dalili. Akwai wani tudu a yamma da gari inda sabis ke ɗan leƙowa daga wani wuri da ba a rufe ba, in iska ta ga dama. An gano haka ne da wayar wata mata ta yi ƙara a ƙullin zanenta tana tsinkar rama. To, tudun nan gonar gadonmu ce, kason da aka ba ni. A tsakiyarta akwai wani tsohon gawo.

A ƙasa sabis ɗin ba ya tsayawa, sai ya zo ya ɓace. Ni na kawo dabarar. Muka samo doguwar gorar nan mai ƙugiya da ake kakkaɓo wa awaki 'ya'yan gawo da rani. Mu cika waya da caji a solar makaranta, Malam ya danna saukewa, mu ƙulle ta a farar leda saboda ruwa, mu ɗaure a kan gorar. In hau itacen in ɗaure gorar a reshen sama, in sauko mu ci gaba da cirar ciyawar wake kamar ba mu san komai ba. Da yamma in sauko da ita a ɓoye cikin buhun harawa. Ranar farko saƙon Malam ya tafi wurin matarsa, nata ya shigo, ya karanta ya share ido da bakin riga. Wannan bai ɗauki wani lokaci ba. Gaskiya ita ce sauran kwanakin duk saboda mai kwale-kwale muka yi su. Kullum layin saukewa ya ɗan matsa kamar faɗin farce, mu dawo gida muna murna muna gasa tumu, don gero ya fara nuna.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne halin gawo. Duk itatuwa suna ganye da damina, shi kuwa lokacin yake zubar da nasa ya tsaya tsirara. Ledar nan fara, a kan gora, a kan itace marar ganye, a kan tudu, ana hango ta tun daga hanyar Gandi.

Ɓarayin sun zo ranar da aka fara yankan gero, da hantsi, rana ta fito bayan ruwan asuba, ƙasa na tururi. Muna ƙasan tudu ni da Malam muna taya maƙwabcinmu, wayar na can sama. Ƙarar mashina muka fara ji kamar ta injin niƙa daga nesa, sai harbi. Ta yamma suka ɓullo, ta gefen gonata, bibbiyu da uku-uku a kan kowane mashin, fuskoki a naɗe. Muka faɗa cikin dawa muka kwanta, bakina cike da ƙasa. Ta tsakanin karare na ga tsoho Malam Isa, mahaifin Ɗan Jimma ɗan sa-kai, ya ɗaga hannu biyu da lauje a ɗaya, yana cewa su ji tsoron Allah. Wani yaro da bai kai ni ba ya harbe shi a wuya bai ko rage gudu ba. Tsohon ya zauna a kan damin gero, jini na fita yana jiƙa zangarniya, ƙafarsa na shure-shure har ta daina.

Bindigogin 'yan sa-kai na gargajiya ne, ka harba ɗaya ka tsaya ɗuri. Sun yi abin da za su iya, aka kashe musu mutum biyu a bakin gari. Ɓarayin suka cinna wa rumbuna wuta, har namu, suka kore shanun huɗa, har namu biyu, suka tasa mata a gaba, cikinsu da matar Ɗan Jimma da goyonta. Kafin azahar sun tafi. Garin ya cika da warin ƙonannen kara da ƙonannen akuya, da kukan da ba ka iya gane na wane gida ne.

Muka yi ta haƙa kaburbura. Ƙasar a jiƙe take, tana manne wa galma. Malam Habila ya haƙa tare da mu har tafinsa ya fashe, da aka zo sallar gawa ya koma gefe ya tsaya kansa a ƙasa. Muna dawowa daga maƙabarta bayan la'asar na ga Ɗan Jimma ya nufo mu da gorar nan a kafaɗa, ledar na lilo a kanta. Ɗan Jimma shi ne na biyu ga Yaya a cikin 'yan sa-kai. Idanunsa sun kaɗa jawur, rigarsa duk jinin ubansa.

Ya yage ledar ya ɗaga wayar. Kowa ya san ta, don bayanta akwai hoton 'ya'yan Malam.

"Ga ta nan," in ji shi. Muryarsa ba ta ko tashi ba. "Tuta ta. Tuta anka ɗaga masu, ta nan sunka shigo. Ga mai ita."

Ban ga wanda ya fara dukan ba. Na ga dai Malam a ƙasa, ana tattaka shi, wani ya sauke masa gora a baki haƙori ya fita. Suka ɗaure shi da igiyar shanu, gwiwar hannu ta haɗu da gwiwar hannu ta baya, suka ja shi a ƙasa har filin makaranta, gaban ajin da yake koyarwa. Mutanen da 'ya'yansu ke gaishe shi kullum su ne ke jifansa da ɓaraguzan bulo. Wani na cewa dama baƙo ne, wa ya san abin da ya kawo shi. Na ji Inna daga baya tana kiran sunan Yaya, mata sun rirriƙe ta.

Na kutsa ina cewa su bari a kunna wayar, labari ne kawai a ciki, zan karanta musu. Na karɓe ta na danna, ta ƙi, caji ya ƙare tun tana sama.

"Ku bari a sa ta ga sola, ku gani da idonku."

Ɗan Jimma ya fizge ta, ya ajiye a kan dakalin aji, ya sauke mata gindin bindiga har ta zama garin gilashi. Sannan ya zare addarsa ya ce a kai shi bayan gari.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, amma haushi ya fi tsoron yawa. Na tsaya a kan Malam na buɗe murya.

"Ni nih hau iccen. Ni niɗ ɗaura gorar, gonata ta, dabarata ta. Shi ko hawa icce bai iya ba. In kashe shi za ku yi, ku hwara da ni."

 Duk ido ya koma kan Yaya Umaru, wanda tun da aka fara yana tsaye a jikin katanga, toka har gashin idonsa.

Ɗan Jimma ya juya gare shi. "Umaru, ka dahwa Alƙur'ani gabanmu. Kai kac ce ko ɗan uwanka na."

"Ni nic ce."

"To ga shi."

Yaya ya tako a hankali har tsakiyar fili. Bai dube ni ba. Ya dubi jama'a ya ce, "Rantsuwa kan infoma munka yi. Ku hwaɗa mani, wane infoma ka ɗaga tuta bisa gonar ubanai, ya bar uwatai cikin gari, a ƙone rumbunsu, a kore shanunsu? Waɗanga ba infoma ba na. Wawaye na."

Aka fara gunaguni. Wani ya ce ana so a rufe ne don ɗan gida ne. Wani ya ce jinin mutane ba zai tafi a banza ba. Na ga Ɗan Jimma ya gyara riƙon addarsa, na ga samari suna matsowa, na san maganar Yaya ba ta ishe su ba. Shi ma ya sani.

"Amma sun taka doka," ya ce da ƙarfi. "An ce kar a hita da waya, sun hita da ita. Hannun da yaɗ ɗaga waya shi ka biya. Ku kawo turmi."

Bai jira kowa ya amince ba. Aka mirgino turmi daga gidan da ke kusa, ya kifa shi, ya karɓi taɓarya. Ya kamo ni ta wuyan riga ya durƙusar da ni. Sai a lokacin ya dube ni, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji.

"Miƙo hagu."

Na ɗora hannun a gindin turmi. Na ga taɓaryar ta tashi, na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara, wani farin abu ya gilma mini a ido. Ya sake na biyu. Daga nan ban san inda nake ba.

Da na farfaɗo ina kwance a zaurenmu, Inna na yayyafa mini ruwa. An gama komai. Ita ta gaya mini sauran. Ta ce da mutane suka ga Yaya ya farfasa hannun ƙaninsa da kansa, ba wanda ya sake cewa a kai kowa bayan gari. Ya sa aka kwance Malam, ya yi masa yadda ya yi mini, sannan ya jefar da taɓaryar ya ce wanda bai gamsu ba ya zo ya same shi. Ɗan Jimma ya tofar da yawu ya tafi. Ban taɓa riƙe shi a raina ba, mutumin da ya binne uba da rana kuma bai san inda matarsa za ta kwana ba.

Na juya na ga Malam a ɗaya tabarmar, fuskarsa a kumbure ba ka gane shi. Maɗori ya riga ya zo ya jera mana karare ya naɗe da tsumma. Na dubi hannun da aka naɗe masa, na sake duba. Na buɗe baki, ya girgiza mini kai.

Kwanakin da suka biyo baya na zazzaɓi ne da wari. Babu mota zuwa asibiti, babu waya a kira kowa. Yatsuna suka kumbura suka yi baƙi, sannan suka fara saɓewa. Na Malam sun fi nawa lalacewa, don an ce da aka zo kansa taɓaryar ta sauka a kan gaɓoɓi. Inna ce ke ba mu kunun sabon gero a baki, tana gasa mana hannu da ruwan ɗumi. Ta daina amsa gaisuwar Yaya. Shi kuma kullum da safe sai ya ɗauki lauje ya tafi gonata, shi kaɗai ya yanke geron tudun nan ya ɗaure ya kawo, bai shigo zaure ba.

Sai da kumburin fuskar Malam ya sauka sannan wata ranar da hantsi Yaya ya yi sallama. Ya shigo da ƙwaryar fura, ya tsuguna a bakin ƙofa kamar baƙo. Ya rame. Ya tura ƙwaryar gaban Malam, Malam ya karɓi ludayi da hannun dama ya ce ya gode.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji Yaya. "In ban yi hakanan ba, da sun yanka ku ku biyu."

"Na sani, Yaya Umaru. Rai ka ba ni."

Yaya ya ɗan saki ajiyar zuciya, kamar wanda aka sauke wa kaya. "Shi ya sa nic ce hagu. Na bar maku na aiki. Lawali ya riƙa kalme, kai ka riƙa allinka, ɗiya na jiran ka."

Malam ya sunkuyar da kai yana juya furar. Na san ba zai faɗa ba, ni kuwa ba na iya haɗiye magana. Mutumin nan da dama yake cin tuwo, da dama yake gaisawa, da dama yake karɓa yake bayarwa, don haka aka hore shi tun yana yaro kamar kowa. Duk garin ba wanda zai ce ga bambancinsa, sai wanda ya zauna a ajinsa ko ya ga yadda yake riƙe alƙalami.

Na ce, "Yaya, Malam bahago na. Da hagu shika rubutu."

Yaya ya dube ni, ya dubi naɗin tsumman, inda kan yatsu suka leƙo a karkace, ba mai motsi a cikinsu. 

"Malam, gaskiya na?"

"Gaskiya ne."

"To mi ya hana ka hwaɗi? Kalma guda. Da ka miƙo ɗayan."

"Na duba fuskokinsu," in ji Malam a hankali, maganar na fita ta gurbin haƙori. "Da kyar ka tsayar da su. Da na ce ba wannan ba, wancan, sai su ce ciniki muke yi da kai. Na ga gara hannun."

Yaya ya zame daga tsugunno ya zauna daɓas a ƙasa. Mutumin da ban ga hawayensa ba ko ranar da aka binne Baba, sai ga shi bakinsa na rawa kamar na yaro. Ya kai hannu zai taɓa naɗin, ya fasa, ya mayar da hannun cinyarsa.

"Shekara nawa kana gidanmu," ya ce, "ban taɓa leƙa ajinka ba."

Malam ya tura masa ƙwaryar ya ce ya sha, furar ta yi masa yawa. Yaya bai sha ba. Yana nan zaune har aka kira azahar, Inna ta zo ta tsallake ƙafarsa ta ɗauke ƙwaryar.